Shekarar onas a nazarin Italiyanci a Ostiraliya: wa ake ɗauka, kuma wane zaɓi yake da shi?

Wanda ya yi jami'a a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya saba da tsari guda: shekara huɗu a tsangayar fasaha, a shekarar ƙarshe a rubuta kundi, sannan a tattara makin duka shekarun a ce wane ya fita da daraja ta ɗaya, wane ta biyu. Idan irin wannan mutum ya ji an ce ɗalibi a Ostiraliya ya gama digiri amma yana neman shiga shekarar onas (honours da Turanci), dole ya tambaya, wace ce kuma wannan? A can digirin farko na fannin fasaha da harsuna shekara uku ne. Mutum ya gama, ya karɓi takardarsa, ya kama gabansa. Shekara ta huɗu daban take, sai an cika takarda an nema, kuma ba kowa ake ba ba. A jerin matakan shaidar ilimi na ƙasar, digirin shekara uku yana mataki na 7, na onas yana na 8, digiri na biyu na 9, na uku na 10. Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suna da tsari mai kama da wannan. Ita kanta Italiya ba ta san da shi ba, domin tun gyaran da aka yi a 1999 tsarinta shekara uku ne sannan biyu.

Ɗalibai da yawa suna shiga da tunanin za su ƙara shekara guda ta koyon harshe, su goge baki, su daina tuntuɓe a nahawu. Suna ɗan samun hakan, amma ba don shi aka yi shekarar ba. An yi ta ne don a koya wa mutum bincike: ya ɗauki tambaya guda, ya bi ta da kansa cikin littattafai da takardun da aka rubuta da Italiyanci, ya fito da amsar da zai iya karewa a gaban masana. Duk sharuɗɗan shiga daga nan suka samo asali, kuma wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin sharuɗɗan, ya kamata a san dalilin da ya sa Italiyanci ke da gindin zama a ƙasar da ke can ƙarshen duniya daga Roma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ostiraliya tana neman hannayen aiki, Italiya kuma tana fama da talauci. A 1951 suka ƙulla yarjejeniyar ƙaura, mutane suka yi ta kwarara ta jirgin ruwa daga Sisili da Kalabiriya da Beneto da sauran yankuna. Wasu suka nufi gonakin rake na arewacin Queensland, wasu aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy, mafi yawa kuma suka zauna a birane, a unguwar Carlton ta Melbourne da Leichhardt ta Sydney. A ƙidayar 2021 mutum sama da miliyan ɗaya suka ce suna da asalin Italiya. Sai dai harshen yana ja da baya a gidaje. A 2006 shi ne na farko bayan Ingilishi, da masu magana sama da 300,000. A 2011 harshen Mandarin na Sin ya wuce shi, a 2021 kuma masu yin sa a gida sun koma kimanin 228,000. A jami'o'i ma ya daɗe: Jami'ar Yammacin Ostiraliya da ke Perth ta fara koyar da shi tun 1929, kuma a farkon shekarun 2000 gidauniyar Cassamarca ta birnin Treviso ta ɗauki nauyin kujerun malamai a jami'o'i da dama.

Sharaɗin farko shi ne Italiyanci ya zama babban fannin mutum a digirin farko, wato ya ɗauki jerin kwasa-kwasan da sashen ya gindaya har zuwa aji uku. Wanda ya ɗan taɓa shi a matsayin ƙaramin fanni galibi ba ya isa. Na biyu maki ne. Yawanci ana neman matsakaicin maki 70 cikin ɗari, wasu wuraren 75, kuma abin da aka fi dubawa shi ne kwasa-kwasan fannin na aji biyu da aji uku. Wannan yana nufin tun a shekara ta biyu ake cin onas ko a faɗi, lokacin da yawancin ɗalibai ko tunaninta ba su fara ba. Wanda ya yi wasa da wannan shekara, ya farka a zangon ƙarshe, sau da yawa lissafi ba ya fitar da shi ko da ya yi bajinta daga baya. Kuma kaiwa ga makin ba ya tabbatar da gurbi, yana buɗe ƙofar nema ne kawai.

Batun ƙarfin harshe ya fi maki sarƙaƙiya. Sassan Italiyanci kan raba ɗalibai tun ranar farko: waɗanda ba su san ko gaisuwa ba, waɗanda suka yi shi a sakandare, da waɗanda suka zo da shi daga gida ko suka zauna a Italiya. Dukansu suna iya gamawa da babban fanni iri ɗaya a takarda, alhali tsakaninsu akwai tazara. A ma'aunin ƙarfin harshe na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda ya fara daga tushe yakan tsaya wajen B1 ko B2 bayan shekara uku, na gaba kuma ya kusanci C1. A ganina B2 shi ne ƙasa ga mai son onas, kuma ƙarfin da ake bukata na karatu ne fiye da na hira. Mutum yana iya sayen kofi da tambayar hanya cikin sauƙi, a ba shi maƙalar masani mai shafi talatin ya kwana uku bai kai rabi ba. Wanda ke shakkar matsayinsa yana iya auna kansa da jarrabawar CILS ta Siena, ko CELI ta Perugia, ko PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, ko da sashen bai nema ba.

Jikokin baƙin da suka yi ƙaura suna da tasu matsalar, kuma tana ba ni tausayi saboda ba laifinsu ba ne. Yarinyar da ta tashi tana jin kakarta tana yi mata faɗa a kicin ta ɗauka ta iya Italiyanci. Sai ta shiga aji ta gano abin da ta sha a gida karin harshen Kalabiriya ne ko na Beneto, wanda ya yi nisa da daidaitaccen harshen makaranta. Wannan tsohon al'amari ne a Italiya. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin haɗewar ƙasar a 1861, kashi 2.5 cikin ɗari ne kacal ke iya daidaitaccen Italiyanci, kodayake wasu masana sun ɗaga adadin zuwa kusan kashi 10. Yawancin waɗanda suka hau jirgi a shekarun 1950 mutanen karkara ne, karin garinsu suka tafi da shi. To wannan yarinya sai ta yi aiki tuƙuru a rubutu. Amma idan ta zaɓi bincike a kan al'ummarta, tana riƙe da mabuɗin da abokin ajinta mai tsabtataccen nahawu ba shi da shi, domin tsofaffi za su saki jiki da ita.

Sharaɗin da ba a cika rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, shi ne samun malamin da zai duba kundi. Sassan Italiyanci ƙanana ne, a wasu jami'o'in malaman dindindin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Idan kana son yin aiki a kan waƙoƙin zamanin Dante, wanda ya rasu a 1321, alhali malaman sashenku ɗaya masanin fim ne ɗaya masanin walwalar harshe, wato yadda jama'a ke amfani da shi, to sai dai ka sauya batu ko ka sauya jami'a. Ko masanin yana nan, yana iya kasancewa cikin hutun bincike a shekarar da kake bukatarsa. Shi ya sa mai hankali yake zuwa ofishin jami'in da ke kula da onas tun tsakiyar aji uku, ya tambayi wa zai kasance a ƙasa baɗi, ya karanta abin da malamin ya rubuta, sannan ya je masa da shafi ɗaya ko biyu na abin da yake son yi. Jami'o'i da yawa suna neman wannan taƙaitaccen tsari da amincewar malami a haɗe da takardar nema, wadda akan rufe karɓarta a ƙarshen shekarar da ta gabata.

Idan an shiga, aikin kashi biyu ne. Akwai kundi, wanda tsawonsa yakan kama daga kalma 12,000 zuwa 20,000 gwargwadon jami'a, kuma yakan ɗauki kusan rabin makin shekara ko fiye. Akwai kuma kwasa-kwasan semina, biyu zuwa huɗu: ɗaya kan dabarun bincike, wanda sau da yawa ake haɗa ɗaliban Italiyanci da na Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci saboda ƙarancinsu, sai na harshe mai zurfi ko na wani batu na adabi da al'ada. Ana cewa shekara, amma ba ta cika ba. Karatu yana farawa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kundi kuma ana miƙa shi wajen Oktoba. Wata takwas ke nan, kuma a zangon farko seminoni suna cinye lokaci.

Darajojin a jami'o'i irin su Melbourne da Sydney haka suke: maki 80 zuwa sama daraja ta ɗaya, 75 zuwa 79 babbar daraja ta biyu, 70 zuwa 74 ƙaramar daraja ta biyu, 65 zuwa 69 ta uku. A ɗauka kundi rabi ne, semina rabi. Ɗalibi ya zuba ransa a kundi ya sami 84, ya yi sakaci da seminoni ya tashi da 74. Idan aka haɗa aka raba biyu, 79 ke nan. Maki ɗaya ya raba shi da daraja ta ɗaya, kuma wannan maki ɗaya yana da tsada. Babbar daraja ta biyu takan isa a ɗauki mutum digiri na uku kai tsaye ba tare da ya bi ta digiri na biyu ba, amma tallafin karatu na gwamnati da ake kira RTP, wanda ya fara aiki a 2017, gasa ake yi a kansa, kuma masu daraja ta ɗaya ne suka fi cinye shi. Wani abin lura kuma, galibi ba malaminka ne ke ba kundinka maki ba. Masu jarrabawa biyu ake ba, su karanta abin da ke kan takarda kawai, ba su san dararen da ka raya ba.

Zaɓin farko da ɗalibi zai fuskanta shi ne harshen da zai rubuta kundin. Sassa da yawa suna barin mutum ya zaɓi Ingilishi ko Italiyanci, wasu kuma suna da ƙa'idarsu. Rubutu da Italiyanci yana da kwarjini, yana kuma amfanar wanda ke shirin ci gaba da karatu a Bologna ko Padova. Amma ni ina ganin wanda bai kai C1 ba gara ya yi da Ingilishi. Hujja ake aunawa, kuma mutum ba ya iya kafa hujja mai zurfi da harshen da yake lallaɓawa. Sai ka ga tunani mai kyau ya ƙanƙance ya koma jimlolin da marubucin ya tabbata ba zai yi kuskure a cikinsu ba. Ko da Ingilishi aka rubuta, madogarar dole ta zama ta Italiyanci, a kawo nassi da asalin harshensa, a nuna an karanta masanan Italiya da kansu.

Na biyu, onas a Italiyanci zalla ko a haɗa da wani fanni, kamar tarihi, kimiyyar harshe, nazarin fim ko wani harshen Turai. Haɗawar tana da amfani idan batun ne ya nema, misali mai bincike kan fursunonin yaƙi yana bukatar horon masana tarihi. Sai dai malamai biyu ke nan, daga sassa biyu, kowa da irin rubutun da yake so da ranar da yake son a kawo masa babi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda zai haɗa ya tabbatar tun farko an rubuta wane ne babban mai dubawa, kuma da ma'aunin wane sashe za a yi hukunci.

Batun kundi shi ne inda na fi son a daɗe ana tunani. Fagen yana da faɗi: adabin da, adabin zamani, fim, wasan kwaikwayo, tarihin siyasa daga mulkin Mussolini zuwa yau, kare-karen harshe, koyar da harshe. Wasu sassan suna karɓar kundin fassara, inda ɗalibi zai fassara wani rubutu da ba a taɓa fassarawa ba ya haɗa da sharhi mai zurfi kan shawarwarin da ya yanke. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko abin da ya fi ƙarfin wata takwas. Ƙaurar Italiyawa zuwa Ostiraliya aikin rayuwa ne. Yadda jarida guda ta ba da labarin abu guda a shekara guda, wannan kundin onas ne.

A nan ɗalibin Ostiraliya yana da gatan da na Ingila ko Amurka ba shi da irinsa, domin kayan aikin suna bakin ƙofarsa. Jaridar La Fiamma ta fara fita a Sydney a 1947, Il Globo a Melbourne a 1959. Rumbun Trove na Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya ɗora tsofaffin jaridu a intanet, har da wasu na Italiyanci. Ma'adanar takardun gwamnati tana riƙe da fayil-fayil na fararen hula 'yan asalin Italiya sama da 4,000 da aka tsare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ga kuma fursunonin yaƙi kimanin 18,000 da aka kawo, da yawansu aka tura aikin gona. A Carlton akwai ƙungiyar taimakon Italiyawa ta Co.As.It. da gidan tarihinta, cike da hotuna da wasiƙu. A 1952 baƙin Italiya da aka ajiye a sansanin sababbin baƙi na Bonegilla ba aiki sun yi bore. Ɗalibi yana iya ajiye shafin jaridar Ingilishi da na jaridar Italiyanci na mako guda gefe da gefe, ya duba wa aka kira mai tayar da fitina, wa aka kira mai neman haƙƙinsa, wane labari aka sa a shafin farko, wane aka tura ciki kusa da tallan tela da sanarwar rasuwa. Daga irin wannan kallo na kusa kundi mai kyau yake fitowa. Wanda kuma zai yi hira da mutane, ya sani sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince kafin ya kunna na'urar ɗaukar murya, kuma amincewar tana cin makonni. Idan bai nema ba tun Maris ko Afrilu, zai tsinci kansa a Agusta ba shi da komai a hannu.

Akwai fagen da ya shafi nahiyarmu kai tsaye. Italiya ta mallaki Eritriya da Somaliya, ta sha kashi a hannun Habasha a Adwa a 1896, ta shiga Libiya a 1911, ta sake mamaye Habasha a 1935. Yau kuma akwai 'yan asalin Afirka da ke rubutu da Italiyanci, kuma nazarin ayyukansu yana ƙara samun wuri a sassan nan. Jami'ar L'Orientale ta Napoli, wadda asalinta ya koma 1732, tana koyar da harsunan Afirka har da Hausa.

Tafiya Italiya a cikin shekarar abu ne mai yiwuwa, wasu jami'o'in suna yarda a yi zango guda a can, akwai kuma ƙananan tallafi na tafiyar bincike. Matsalar ita ce kalandar ƙasashen biyu ba ta jituwa. Shekarar karatun Italiya tana farawa a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da ɗalibin onas ke gyaran ƙarshe. Tagar da ta rage ita ce hutun hunturun Ostiraliya na Yuni da Yuli. Wanda ya bari har Agusta zai tarar da ɗakunan karatu da ma'adanai da yawa sun rage awoyi ko sun rufe, musamman wajen bikin 15 ga wata. Shawarata ita ce a yi zaman Italiya a aji biyu ko aji uku ta hanyar musayar ɗalibai, a shigo onas da harshe a baki, a bar tafiyar shekara ta huɗu ga wanda takardun da yake nema ba su da kwafi a ko'ina sai can.

Ɗan ƙasa yana iya raba shekarar gida biyu ya yi ta cikin shekara biyu idan yana aiki, wasu wuraren kuma ana shiga a tsakiyar shekara. Ta fuskar kuɗi, gyaran gwamnati da ya fara aiki a 2021 ya sa harsuna cikin rukuni mafi araha, dalar Ostiraliya 3,950 a shekara a lokacin, yayin da tarihi da falsafa suka haura zuwa 14,500. Saboda haka mai haɗa Italiyanci da tarihi ya duba a wane rukuni aka sa kowane kwas kafin ya sa hannu.

Ba kowa ne onas ta dace da shi ba, kuma faɗin haka ba raini ba ne. Mai son koyarwa a firamare ko sakandare, inda Italiyanci ke da ɗalibai masu yawa musamman a jihar Victoria, digiri na biyu na koyarwa yake bukata. Mai son aikin tafinta a asibiti ko kotu shaidar hukumar NAATI zai nema. Wasu jami'o'in ma sun sauya hanya: Macquarie ta maye gurbin onas da digiri na biyu na bincike mai shekara biyu a 2013. Wanda ya daɗe da gama digiri, ko makinsa ya ɗan gaza, yana iya samun babbar difloma mai irin wannan tsari na kundi da semina.

Wanda ke nema daga waje, daga Najeriya ko Nijar ko Gana, zai biya cikakken kuɗin baƙi, ya nemi bizar ɗalibi mai lamba 500, ya kawo shaidar Ingilishi irin IELTS, kuma ba shi da damar raba shekarar yadda ɗan ƙasa ke yi. Zai kuma nuna cewa ya yi Italiyanci daidai da babban fanni, wanda shi ne babban cikas ga mafi yawa. Idan digirinsa na shekara huɗu ne mai kundi, ya fara aika takardar makinsa da kwafin kundin zuwa ofishin ɗaukar ɗaliban bincike su auna, domin idan suka ɗauke shi daidai da onas, digiri na biyu na bincike zai nema kai tsaye, ba sai ya biya kuɗin shekara ta huɗu a karo na biyu ba.